Jatan Lande A Bakin Tambulan: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk wanda harkar aiki ta taɓa kai shi liyafar babban otal, a Abuja ne ko Legas ko Landan ko Dubai, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani ɗan abinci da ake fara ajiyewa a gaban baƙi kafin a kawo babban abinci ba. Tambulan ne mai dogon wuya, an zuba jar miya a cikinsa, sannan an rataya jatan lande biyar ko shida a bakinsa, kowanne ya lanƙwashe ya saki jela waje, tamkar tsuntsayen da suka jeru a bakin kwatarniya suna shan ruwa. Turawa na kiransa koktel ɗin jatan lande. Idan aka tuɓe masa ado, dafaffen jatan lande ne kawai mai sanyi da miyar tumatir mai yaji, abin da ba zai ɗauki mai girki rabin sa'a ba. Amma duk da wannan sauƙi nasa, kusan shekara ɗari ke nan yana riƙe da kambin alamar ƙasaita a teburin Amurkawa, kuma ana sayar da shi a farashin da ya ninka kuɗin kayan haɗinsa.

To, mai karatu, me ake saye ke nan? Amsar ita ce kwalliya. Wannan abinci na cikin 'yan ƙalilan da adonsu ya zama rabin jikinsu, har ta kai a wasu lokuta masu girki kan mayar da shi tamkar wasan kwaikwayo, da hayaƙi da ƙanƙara da siffofin ban dariya ko na ban tsoro. Ni dai ban ga laifin hakan ba, domin ido ke fara cin abinci kafin baki ya taɓa. Abin da nake son mu duba shi ne sharaɗin da ke sa wannan kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wato abin da ke ƙarƙashinta ya zama na gaskiya: jatan landen ya dahu daidai, sanyinsa bai yanke ba tun daga teku, kuma ba a zalunci kowa wajen samar da shi ba.

Daga ina sunan ya fito?

Kalmar koktel a wurin Turawa sunan haɗin barasa ne, wannan ne ma ya sa wasu 'yan'uwa kan janye hannu da zarar sun ga sunan a takardar jerin abinci. A haƙiƙa, ainihin haɗin Amurkawa ba shi da barasa ko ɗigo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sayar da irin wannan abinci a gaɓar yammacin Amurka, musamman birnin San Faransisko, sai dai a lokacin kawa ake sakawa, wato dabbar ruwan nan mai ɓawo biyu, a zuba ta a ɗan tambulan da miyar tumatir da yaji. Kayan miyar kuwa duk sun riga sun shiga kasuwa: ruwan ɗanɗanon nan na Worcestershire, wanda tsamiya na cikin kayan haɗinsa, kamfanin Lea & Perrins ya fara sayar da shi a Ingila a 1837; ruwan barkono na Tabasco ya fito a jihar Luwisiyana a 1868; kamfanin Heinz kuma ya fitar da miyar tumatir ta kwalba, wadda ake kira kecop, a 1876.

Masu bin tarihin abinci da dama na danganta bunƙasar wannan salo da zamanin da Amurka ta haramta sayar da barasa, daga 1920 zuwa 1933. Otal-otal da gidajen abinci sun wayi gari da tarin tambulan masu tsada ba abin zubawa, sai suka koma zuba 'ya'yan itatuwa da naman ruwa a ciki. A daidai wannan zamani ne Clarence Birdseye ya ƙware wajen daskarar da abinci cikin gaggawa, fasahar da ta buɗe hanyar kai jatan lande garuruwan da ke nesa da teku ba tare da ya lalace ba. Sannu a hankali jatan lande ya ture kawa daga tambulan, ya gaje mata wuri.

Tarkon gidan caca

Babu inda aka fi gane ƙarfin wannan kwalliya kamar birnin Las Vegas. A 1959 wani ɗan kasuwa mai suna Italo Ghelfi, wanda ya fito daga San Faransisko ya shiga cikin masu otal da gidan caca na Golden Gate, ya fara sayar da koktel ɗin jatan lande a kan santi 50 kacal, a cikin tambulan mai siffar fure irin wanda ake shan askirim da shi. Ka tuna cewa Las Vegas a tsakiyar hamada take. Mutum ya zauna a cikin rairayi ya ci abincin teku irin na attajirai a kan rabin dala, ai wannan abin ba da labari ne idan ya koma gida. Farashin bai motsa ba har shekara 32, sai a 1991 ya koma santi 99, a 2008 kuma ya koma dala 1.99, kuma a tsawon lokacin an sayar da miliyoyin tambulan. Masu gidan ba ribar jatan lande suka sa a gaba ba. Sun san cewa wanda ya shigo don tambulan ɗaya zai wuce ta gaban teburan caca, kuma ba lallai ya fita da walat ɗinsa yadda ya shigo da shi ba.  A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma daga aljihun mai ci.

A birnin Indiyanafolis kuwa, gidan gasa nama na St. Elmo, wanda aka buɗe tun 1902, ya yi suna ne da zafin miyarsa. Suna cika ta da wata farar saiwa da Turawa ke kira hosradish, dangin mastad, har ta kai baƙo kan yi loma ɗaya hawaye su zubo masa, abokan teburinsa na dariya. Wannan hawaye shi ne wasan kwaikwayon gidan. Har gasar ci ake shiryawa da sunansa, inda a 2018 gwanin gasar cin abinci Joey Chestnut ya cinye abin da ya haura kilo 8 a cikin minti 8.

Da abincin ya tsallaka Birtaniya sai ya sauya riga. Ingilawa suka yanka latas a ƙasan tambulan, suka zuba ƙananan jatan lande a kai, suka lulluɓe su da miya mai launin hoda da suke kira Marie Rose, wadda haɗin kecop ne da mayonis, abin da a kasuwanninmu aka fi sani da bama. Mai koyar da girki a talabijin Fanny Cradock ta taimaka wajen yaɗa shi a shekarun 1960, gidajen abinci na Berni Inn, waɗanda aka fara buɗewa a Bristol, suka mayar da shi abin share fagen duk ma'aikacin da ya fitar da iyalinsa cin abinci a ƙarshen mako. Da ya zama na kowa da kowa sai masu ji da kansu suka fara yi masa kallon tsohon yayi, har sai da marubuta girki biyu, Simon Hopkinson da Lindsey Bareham, suka fitar da littafin The Prawn Cocktail Years a 1997 don farfaɗo da martabarsa. Abin lura a nan ga mai kiyaye addininsa shi ne, wasu masu girkin Ingila kan ɗiga barasa a miyar Marie Rose, saboda haka tambaya ba ta zama ƙauyanci ba. Shi kansa jatan lande halal ne a mazhabar Malikiyya da mafi yawan malamai, duk da cewa malaman Hanafiyya sun yi saɓani kan ko za a lissafa shi cikin kifi.

Mutanen Meziko su ma suna da nasu salon, musamman a garuruwan bakin teku irin su Berakurus. Nasu ya fi kama da miya mai sanyi, da ruwan tumatir da albasa da fiya da lemon tsami, ana sha da cokali tare da biskit mai gishiri, kuma abincin kasuwa ne da talaka ke ci a tsaye.

Ranar da abinci ya kama mai ci

Salon wasa da ban tsoro da ya yaɗu a kan wannan abinci yana da tushe a wani fim mai suna Beetlejuice, wanda Tim Burton ya ba da umarni a 1988. Labarin wasu ma'aurata ne da suka mutu suka zama fatalwa, suna neman korar iyalin da suka sayi gidansu. Sabuwar uwargidan, mace mai son nuna wayewa, ta shirya wa manyan baƙi liyafa, aka ajiye wa kowa koktel ɗin jatan lande a gabansa. Ana cikin hira sai fatalwar suka shige jikinsu, suka tilasta musu tashi suna rawa da waƙar nan ta Harry Belafonte mai suna Day-O. Da suka koma kujerunsu sai jatan landen da ke gaban kowa suka rikiɗe suka zama yatsun hannu, suka fito daga kwano suka cafke fuskokinsu.

Ba don komai wannan fage ya zauna a zukatan masu kallo ba sai don zaɓen abincin. Mai shirya fim ɗin ya ɗauko abincin da masu son burga suka fi ƙauna, ya sa shi ya kama su a fuska a gaban baƙinsu. Tun daga lokacin, duk ranar 31 ga Oktoba da Amurkawa ke bikin Halowin, masu shirya liyafa kan jera jatan lande biyar a kwano kamar yatsun hannun da ke fitowa daga jar miya, kuma fitowar kashi na biyu na fim ɗin a 2024 ta sake tayar da yayin. Ke nan abinci ɗaya ya iya zama alamar ƙasaita, ya kuma iya zama abin yi wa ƙasaitar ba'a, gwargwadon yadda aka jera shi.

Yadda ake haɗa shi

Aikin yana farawa ne daga saye. A kasuwar duniya ana auna girman jatan lande da adadin da ke cikin fam ɗaya, wato giram 454. Idan ka ga an rubuta 16/20 a jikin leda, ana nufin guda 16 zuwa 20 ne ke cika fam, kilo ɗaya kuma zai ba ka tsakanin 35 da 44, abin da zai wadaci baƙi shida. Irin wannan girman ne ya dace da rataye a bakin tambulan. A sayi ɗanye mai ɓawo, a daskare, domin wanda aka riga aka dafa a masana'anta ya rasa rabin ɗanɗanonsa. A guji ledar da ƙanƙara ta dunƙule a cikinta, alama ce ta narkewa da sake daskarewa a hanya. Idan ya narke yana warin fitsari ko yana yauƙi, ba shi da wuri sai kwandon shara.

A narkar da shi a cikin firji daga dare zuwa safe, ko a cikin ruwan sanyi na kamar minti 20. A tsaga bayansa da almakashi a zare baƙin zaren da ke kwance a wurin, wanda hanjinsa ne, amma a bar ɓawon har sai ya dahu, domin a cikin ɓawon ƙamshin yake. Sai a ɗora ruwa lita 2 da gishiri cokali 2 na cin abinci, da albasa guda da aka raba biyu, da tafarnuwa, da masoro, da lemon tsami guda. A bar su su tafasa na minti 10, a sauke tukunyar daga wuta, sannan a zuba jatan landen a rufe. Minti 2 zuwa 3 sun isa.

A nan ne mafi yawan masu girki ke yin ɓarna, saboda mun saba da naman da sai ya daɗe a wuta yake laushi. Jatan lande akasin haka yake, daɗewa a zafi ke mayar da shi roba. Yana da alamomi biyu da yake sanar da dahuwarsa. Na farko launi: a jikinsa akwai wani jan sinadari da furotin ke ɓoye shi, da zarar zafi ya warware furotin ɗin sai launin toka ya koma ja-ja, tsokar kuma ta yi fari ta daina sheƙi irin na ɗanye. Na biyu siffa: idan ya lanƙwashe kamar jinjirin wata ya dahu, idan kuwa kai da jela suka haɗe kamar zobe to ya wuce. Da an ga alamar farko a kwashe shi a tsoma a ruwan ƙanƙara don dahuwar ta tsaya cak, sannan a ɓare shi a bar masa jela, wadda ita ce mariƙinsa.

Miyar ba ta buƙatar wuta. Kofi ɗaya na kecop, cokali 2 zuwa 3 na gurzajjen hosradish, cokali ɗaya na ruwan lemon tsami, ƙaramin cokali ɗaya na Worcestershire, da ɗigon Tabasco kaɗan, a juya a sa a firji na sa'a guda. Zafin hosradish ya bambanta da na barkono. Na barkono kan zauna a harshe ya daɗe, na hosradish kuwa tururi ne da ke hawa hanci ya sa hawaye, sannan ya wuce cikin daƙiƙoƙi, ya bar baki a shirye don loma ta gaba. Inda ba a samu saiwar ba, koren yajin Jafanawa da ake sayarwa a bututu da sunan wasabi zai maye gurbinta, tunda galibinsa hosradish ne aka rina. Ɗanyar citta da attaruhu ma za su yi daɗi, sai dai a san cewa wata miya ce daban aka haɗa.

Fagen wasa

Yanzu sai ado. Mafi sauƙi shi ne na gargajiya: a sanyaya tambulan a firji, a shafa lemon tsami a bakinsa a tsoma a gishiri da garin barkono, a zuba miya, a rataya jatan lande a kewaye. Na biyu shi ne kwanon ƙanƙara. A sa ƙaramin kwano a cikin babba, a cika tsakaninsu da ruwa da yankakken lemon tsami da ganye, a danne ƙaramin da wani abu mai nauyi, a kwana da su a firiza. Da safe za a zare kwano na zallar ƙanƙara, wanda ke ƙawata tebur kuma yake riƙe sanyin abin da aka zuba masa. Na uku shi ne hannun fatalwa: a cika ƙaramin kwano da yankakken latas don ya zama madogara, a rufe shi da miya, a kafa manyan jatan lande huɗu a jere jelarsu na sama tamkar farata, na biyar a ɗan ware shi gefe a matsayin babban yatsa. Wasu kan cika safar hannu ta roba, irin wadda aka yi don taɓa abinci, da ruwa su daskarar, su yage robar su kafa hannun ƙanƙara a tsakiyar faranti.

Akwai kuma masu son hayaƙi, kuma a nan wasa ke iya zama kuka. Farin hazon da ake gani yana malala daga teburin liyafa daga busasshiyar ƙanƙara yake fitowa, wadda iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78.5 ƙasa da sifiri. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa kai tsaye. Taɓa ta da hannu ƙuna ne, haɗiye ta kuwa rauni ne a baki da maƙogwaro da ciki. A watan Maris na 2024, mutum biyar sun kwanta asibiti a birnin Gurugiram na Indiya bayan an miƙa musu ita a wani gidan abinci bisa kuskure a matsayin abin ƙamshin baki. A watan Fabrairun 2020 kuma mutum uku sun rasu a Mosko bayan an juye ta a wurin wanka na cikin gini a wani bikin zagayowar ranar haihuwa, iskar ta danne numfashinsu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta yi gargaɗi a 2018 kan abincin da ake zuba wa ruwan naitirojin a gaban mai saye. Ƙa'idar dai ita ce, busasshiyar ƙanƙara ta zauna a wani kwano daban a ƙarƙashi inda cokali ba zai kai ba, a ɗauke ta da awartaki, kada a rufe ta a kwalba, ɗaki ya kasance da iska, yara kuma su yi nesa.

Sanyi shi ne amana

Ko da babu hayaƙi, akwai haɗarin da ya fi kusa da mu. Wannan abinci ne da ake ci da sanyi, ba za a sake ɗora shi a wuta ba, saboda haka duk ƙwayar cutar da ta hau shi bayan dahuwa za ta isa ciki da ranta. Ɗanyen naman teku kan ɗauko ƙwayoyin cuta dangin Bibriyo, 'yan gida ɗaya da mai haddasa kwalara, don haka allon yanka da wuƙar da suka taɓa ɗanye ba za su taɓa dafaffe ba sai an wanke. Masana lafiyar abinci sun ƙayyade cewa firji ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa, firiza a digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma kada irin wannan abinci ya wuce sa'a 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa sa'a ɗaya ce tak. Duk wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ya san tazarar kusan kilomita dubu da ke tsakanin Legas da Kano, ya kuma san halin wutar lantarkinmu, zai gane cewa mai shirya biki da ya jera jatan lande a tebur tun azahar don baƙin da za su iso bayan magariba, ya ɗana wa jama'a tarko ne da kuɗinsa. Bugu da ƙari, jatan lande na cikin abincin da jikin wasu mutane ke ƙi, daga ƙaiƙayi da kumburin leɓe har zuwa toshewar numfashi, saboda haka wajibi ne a sanar da baƙi abin da ke gabansu, musamman idan an sauya masa kama.

Abin da tambulan ba ya nunawa

Jatan lande shi ne naman ruwan da Amurkawa suka fi ci, kuma mafi rinjayensa daga waje ake kai musu, daga gonakin kiwo na Indiya da Ekwado da Indunisiya da Biyetnam. Arahar da ta sa abincin attajirai ya shiga kantin kowa tana da masu biya. A 2014 jaridar Guardian ta Birtaniya ta bankaɗo yadda ake bautar da mutane a jiragen da ke kamo kifin da ake niƙawa don ciyar da jatan lande a Tailan. A 2015 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano rumfunan ɓare jatan lande a lardin Samut Sakhon, inda ake tsare baƙin haure, galibi 'yan Bama, har da yara. Jerin rahotannin AP kan bauta a harkar kamun kifi sun kai ga 'yantar da mutum sama da 2,000, suka kuma samu lambar yabo ta Pulitzer a 2016. A 2024 AP ta sake fitar da rahoto kan mummunan yanayin aiki a masana'antun ɓare jatan lande na Indiya. Teku ma tana biyan nata kason: rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 ya ƙiyasta cewa jiragen da ke jan koma don jatan lande a yankuna masu zafi su ke da alhakin sama da kashi 27 cikin ɗari na duk halittun ruwan da ake kamawa a watsar.

Mu ma ba 'yan kallo ba ne a wannan kasuwa. Maƙwabciyarmu Kamaru daga jatan lande ta samo sunanta, domin lokacin da matuƙan jiragen Fotugal suka isa bakin kogin Wuri wajen 1472, yawan jatan landen da suka tarar ya sa suka raɗa masa suna kogin jatan lande da harshensu. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma shekara da shekaru jiragen da ke Legas na kamo manyan jatan lande a daskarar a tura Turai. Abin da ya fi isowa tukwanenmu a Arewa shi ne ƙananan busassu da ake kira kirefish, irin waɗanda garin Oron na jihar Akwa Ibom ya shahara da su. Ma'ana, mukan sayar da ɗanyen kaya a kwali, wasu su ɗora shi a bakin tambulan su ninka farashinsa, mu kuma mu hau jirgi mu je mu biya.

Darasin da ke cikin wannan ɗan tambulan, a nawa ganin, ya wuce batun jatan lande. Waɗanda suka mayar da loma shida abin alfahari na tsawon ƙarni guda sun yi haka ne ta hanyar kula da yadda ake miƙa abinci, kuma wannan ilimi ne da masu otal da masu girkin biki a ƙasar nan ya kamata su ɗauka da muhimmanci, su gwada shi a kan kilishi da dambun nama da masa, waɗanda ba su buƙatar jirgin ruwa ko janareta kafin su isa tebur lafiya. Wanda kuma ya zaɓi ya yi wa baƙinsa koktel ɗin jatan lande, da hannun fatalwa ko da kwanon ƙanƙara, to ya yi, sha'awa ce kuma babu aibi a cikinta. Sai dai ya fara da tambayar inda kayan suka fito da yadda aka adana su, ya sauke tukunya a minti na uku, ya sa ido a agogo daga lokacin da abincin ya bar firji. Idan an kiyaye waɗannan, baƙo zai yi dariya a tebur, ya kuma kwana lafiya a gidansa.